A Hankali, Direba

A tsakiyar baiti numfashin Mis Olive ya ƙare. Bakinta a buɗe, hannunta ɗaya a sama, amma babu abin da ke fitowa sai wani siririn fito daga ƙirji. Dokta Chuwang, mai kaɗa mata fiyano, ya ɗage yatsunsa ya bar su a iska. Ni kuwa ina tsaye a ƙofar kicin ɗinta da kwanon farfesun kaza, na rasa inda zan sa idona. Cikin wannan shirun ne Inna, mahaifiyata, wadda ke zaune ta miƙe ƙafar da aka yi wa aiki a kan ɗan tebur, ta ɗauki karin waƙar daidai inda ya tsaya.

"Ayye yaraye, ayye iye nanaye," in ji ta, tana kaɗa kai, ido a lumshe, kai ka ce a tsakar gidanmu na Funtuwa take.

Mis Olive ta juyo. Ta jawo robar oksijin ta maƙala a hanci, ta zuƙa, ta sake zuƙa, sannan ta dube ni ta ce da Turanci, "Hannatu, me mahaifiyarki ta yi yanzun nan?"

"Amshi ta yi miki, Mis Olive. A wurinmu haka ake yi wa mawaƙi."

"To ki gaya mata ni ba a shiga mini waƙa. Tun kafin a haife ta nake wannan sana'a, babu wanda ya taɓa sa mini baki."

Na fassara wa Inna, na dai rage wa maganar barkono. Ko a jikinta. Ta gyara mayafi ta ce, "Ki ce wa Yaya Zaituna ta yi haƙuri. Gani na yi waƙar za ta faɗi ƙasa, na tare. Ai ba na tsaya kallo ba."

Wannan kam ban fassara ba. Tun ranar da na gaya wa Inna ma'anar sunan Olive ta raɗa mata Zaituna, ta ƙara da Yaya, tunda ta ba ta shekara ashirin. Wata uku ke nan da zuwan Inna aikin gwiwa, ba ta jin Turanci, ita kuma waccan ba ta jin Hausa, amma kusan kullum sai sun zauna tare kowa na zuba da yarensa.

Ƙofarmu da ta Mis Olive suna kallon juna a hawan ƙasa, a ɗaya daga cikin gidajen hayan nan na Greenbelt, kusa da Washington, masu jan bulo da ciyawa a tsakani. Da faɗa muka fara sanin juna. Satin da muka tare ta ƙwanƙwasa mana ƙofa da sandarta ta ce wani abu ya mutu a kicin ɗinmu. Daddawa ce nake sa wa miyar kuka. Na ji haushi, amma na zuba mata a ɗan kwano don in ga iyakar tsiwarta. Washegari ta dawo da kwanon a wanke, ta ce abin nan da ya mutu a ƙara mata.

Na daɗe ina ɗaukarta tsohuwar ma'aikaciyar gwamnati ce kawai, domin abin da ta gaya mini ke nan: ta yi shekaru tana amsa waya a wani ofishi a Washington har ta yi ritaya. Sai ranar da na shiga falonta na ga bango. Kwalayen faifan garmaho ne a jere cikin gilashi, kowanne da hoton wata doguwar baƙar mace cikin riga mai ƙyalli, ta riƙe makirfo kamar da kuɗinta ta saya, a ƙasa an rubuta Olive Maddrey. Ni da nake aikin rediyo a sashen Hausa, nake ganin na san muryoyi, ashe shahararriyar mawaƙiya ce maƙwabciyata ban sani ba. Kunya ta kama ni sosai.

Labarinta a gutsure na same shi, yau kaɗan gobe kaɗan, galibi tana cin tuwona. Daga wani ƙauye a Karolina ta Arewa iyayenta suka zo Washington tana ƙarama. Tana da shekara sha bakwai ta ci gasar waƙa a wani gidan rawa na Layin U, inda a wancan zamani duk baƙar fata mai ji da kansa ke zuwa jin kiɗan jaz. Daga nan wata mawaƙiya farar fata ta ɗauke ta cikin 'yan mata uku masu tsayawa a bayanta suna cike mata murya. Shekara biyu ta yi tana kallon ƙeyar matar nan, ana tafa wa wata a kan muryar da rabinta tata ce, ba a ko faɗin sunansu. Ranar da ta bar aikin ta yi rantsuwa biyu: ba za ta sake tsayawa a bayan kowa ba, ba kuma za ta tsayar da 'yar kowa a bayanta ba.

Ta kuwa cika. Ta bi manyan ƙungiyoyin makaɗa a bas gari-gari, ta yi waƙa a otal-otal na kudu waɗanda ba a yarda ta kwana a cikinsu ba, ta shiga ta ƙofar kicin ta fito da furanni a hannu. Ta je Faris, ta fito a talabijin. Abin da aka san ta da shi dogon numfashi ne. Takan ɗauki baiti guda tun daga kai har ƙarshe ba ta zuƙi iska ba, har masu busa ƙaho su riƙa kallon juna. A 1957 ta yi waƙar da ta zaga gidajen rediyo, ta wata mata da ke cikin bas za a wuce ta layin da ta girma, tana roƙon direba ya rage gudu ta ga ko mahaifiyarta ta yi shanya. Daga baya kiɗa ya sauya, matasa suka koma wa gita, gidajen rawan Layin U suka rurrufe bayan tarzomar 1968. Ba ta tsaya roƙon kowa ba. Ta ninke rigunanta ta nemi aikin ofis.

A bana, tana da shekara casa'in, huhu ya gaji, zuciya ta gaji, sai ga gayyata. Wani kwamitin unguwa zai yi taron karrama tsofaffin mawaƙan Layin U da suka rage a raye, a zauren taro na gari, wata Lahadi da rana. Sun ce ta zo ta zauna, a ɗauki hoto, a ba ta allon yabo. Ta ce musu ita ba kayan ado ba ce. In za ta hau dandamali waƙa za ta yi, guda ɗaya, ta direban nan, daga farko har ƙarshe. Ni na nemo mata Dokta Chuwang, likitan haƙori ne mutumin Jos, shi ke kaɗa fiyano a cocinsu, Hausarsa ta fi ta 'ya'yana nesa ba kusa ba. Sun yi ta gwaji, amma ba ta taɓa wuce baiti na biyu ba.

Da yammacin ranar da Inna ta yi katsalandan ɗin, Sophia ta zo daga Baltimore. Jikar ƙanwar Mis Olive ce, lauya, ita kaɗai ta rage mata a dangi na kusa. Ina wanke kwanon farfesu a kicin na ji su.

"Anti, likita ya ce ko wanka kada ki yi ba kowa a kusa."

"Likitan ya taɓa jin waƙata?"

"Ba wasa nake yi ba, Anti. Za ki iya faɗuwa a gaban mutane."

"In na faɗi ku ɗauke ni. Ba faɗuwa nake tsoro ba, yarinya, ba kuma mutuwa ba. Abin da nake tsoro in tsaya a tsakiyar baiti, jama'a su yi mini tafin tausayi. Na san wannan tafin. Na ji an yi wa waɗanda suka fi ni." Injin iskarta na ta huci a gefenta. Can ta ce, "Ki kira su ki ce ba zan zo ba."

Abin da Sophia ta zo nema ke nan, ta kuma samu, amma a baranda na same ta tana share hawaye. Ta ce sai Litinin za ta kira su. Ni ma raina ya ɓaci ƙwarai, kuma da yake ban san da wa nake fushi ba, sai na je na sauke a kan Inna.

"Inna, nan fa ba Funtuwa ba ce. Waƙarsu ba a amsawa. Zama ake yi a yi tsit, in an gama a tafa."

"To in mawaƙin ya gaji fa?"

"Sai ya gaji."

"Kai, mutanen nan ba su da tausayi," in ji ta, ta ci gaba da jan carbinta.

Ba a banza bakin Inna ya yi ƙaiƙayi ba. Da ƙuruciyarta ita ce babbar 'yar amshin gwaggonta, wadda ke kiɗan ƙwarya a gidajen biki daga Funtuwa har Bakori. Tun da ta je aikin Hajji ta ce ta tuba, ko a bikina ba ta buɗe baki ba.

Washegari da hantsi sai ga ƙwanƙwasar sanda. Mis Olive ce a tsaye, tana jan tukunyar iskarta a kan 'yan tayoyi. "Kawo mini uwarki. Tunda ta iya shiga waƙar mutane, ta zo ta yi tata in ji."

Inna ta ce ita ta tuba tun Makka. Tana faɗa tana neman takalminta. Muka tsallaka, aka zuba mana shayi, aka yi ta ja-in-ja ta bakina, har dai Inna ta ce a ba ta kwano. Na ɗauko wata babbar robar da ake haɗa ganye a ciki, ta kife ta a cinya, ta karɓi cokali, ta ɗan buga ta saurara, ta yamutsa fuska ta ce a haka nan dai. Sai ta jefa baiti na wata tsohuwar waƙar zambo, ta wani Ɗanladi da ya tafi gona da fartanya ya dawo da barci. Tana kai ƙarshen layin ta tsaya cak, ta nuna Mis Olive da cokali.

"Ki ce mata ta ce, 'Sannu da aiki, Ɗanladi.' Ni ba na waƙa ni kaɗai kamar mai taɓin hankali."

Wannan karon na fassara duka. Mis Olive ta ɗaga gira, amma ta gwada. Hausar ta fito a karkace, karin kuwa bai kauce ko kaɗan ba. Inna ta sake jefawa, ta amsa. A karo na huɗu ko na biyar sai Mis Olive ta ɗaga hannu.

"Tsaya, tsaya! Hannatu, shayi take sha. Matar nan a tsakiyar waƙarta take shan shayi!"

Haka ne kuwa. Duk sanda aka amsa, Inna sai ta kurɓi shayi, ta ajiye kofi, ta gyara zama, sannan ta ɗora.

"Ai amfanin amshin ke nan," in ji Inna da na gaya mata. "Gwaggo tana da shekara saba'in take wuni tana waƙa, ga goro a baki. Kina tsammani ƙarfinta ne? Mu ne numfashinta."

Mis Olive ta daɗe tana kallonta. "Tambaye ta, a bayan gwaggon suke tsayawa?"

"Baya kuma? Sai ka ce masu bin liman? A zaune muke, mun kewaye, gwiwa na taɓa gwiwa."

Na fara tattara kofuna. Sannan Mis Olive ta ce, kamar da kanta take magana, a cocin kakarta ma haka ake yi, wani tsoho ya jefa layi jama'a su ɗauka, ita ce dai otal-otal suka koya wa cewa shirun mutane shi ne girmamawa. Ta buga sandarta a ƙasa. "Kira mini likitan haƙorin nan. Ki kuma gaya wa Sophia kada ta kuskura ta taɓa waya."

Inna ce ta sa wa amshin kalmomi. Ta ce in gaya mata abin da waƙar ke cewa, na gaya mata, ta ce, "Allah sarki, uwa take son gani." Sai ta rera a kan karin Mis Olive: "A hankali, direba, a hankali." Mis Olive ta sa ta maimaita, ta juya kalmar a bakinta, ta ce ta zauna daidai, kada a taɓa ta, kada kuma a mayar da ita Turanci.

Murya biyu ba ta isa cika zaure ba, don haka na shiga neman mutane. Na samo Sharifa, nas ce, da Umaima, akanta daga Mitchellville, da Hauwa'u abokiyar aikina 'yar Maraɗi. Misbahu, maigidana, da yake surukuta ba ta bar shi ya tsokani Inna ba, ni ya tare a kicin yana murmushi. "Wai na ji Hajiya ta koma bakin aiki?"

Daga ɗaki Inna ta ɗaga murya. "Hannatu, ki ce masa jinya nake yi. Kowa da irin maganin da ya iya."

Mun ɗauka taimako muka zo yi, za a gode mana. Ashe makaranta muka shiga. Matar da ba ta iya zuwa kicin sai ta huta a hanya, in ta zauna gaban fiyano sai ta koma soja.

"Umaima, kina shigowa da wuri kamar mai gudun kada jirgin Metro ya bar ta. Ki jira in ajiye, sannan ki ɗauka."

"Wallahi ina ƙoƙari, Mis Olive."

"Ƙoƙari na ofis ne. Nan kunne ake so. Hannatu, ke kuma labaran duniya kike karantawa. Sassauta muƙamuƙinki."

Hauwa'u ta raɗa mini, "Bon, wannan tsohuwa ta fi shefinmu na ofis tsanani."

Dokta Chuwang ya sauko da kiɗan ƙasa don ya dace da muryarta ta yanzu, wadda ta yi kauri ta yi duhu. Ya yayyanka baitocin gajeru-gajeru, bayan kowanne mu shigo, ita kuma ta kai robar iska hanci. Wuri ɗaya aka kai ruwa rana, wato layin ƙarshe, wanda duk mai faifanta ya san a numfashi ɗaya take yin sa.

"Mama, mu raba shi uku," in ji shi. "Babu wanda zai ce komai."

"Ni zan ce."

"Mama, don Allah. Ni haƙori na sani, amma na san huhu ba ya jin lallashi."

Ta harare shi, ta harari bangon faifanta, sannan ta ce a raba. A ranar ne ta kai ƙarshen waƙar karo na farko. Ba ta yi murna ba, ta ce dai an kai.

Ranar Lahadin muka yi anko, atamfa shuɗiya da farin mayafi, don Inna ta ce ba za ta hau gaban jama'a kamar 'yan gudun hijira ba. Mis Olive ta sa wata koriyar riga mai ƙyalli da ta taɓa sawa a Faris. Ta yi mata yawa ƙwarai, Sharifa ta kama bayan da allurai. Sophia ta turo ta a keken marasa lafiya har bayan labule, fuskarta ba walwala. Zauren ya cika maƙil: tsofaffi baƙar fata da hulunan coci, fararen fata 'yan unguwa, ɗalibai daga College Park, ga kuma mazajenmu can gefe sun haɗa kai suna yi kamar rakiya kawai suka zo.

Mai kula da dandamali ya jera mana kujeru biyar a baya. Mis Olive ta gani ta ce a kwashe. "Babu mai zama a bayana. Ku kawo su nan, ku kewaye ni." Mutumin ya ce makirfo ba zai kai ba. Ta ce to ya kai shi. Haka muka zauna, tana tsakiya a kan doguwar kujera, Inna a damanta, gwiwarsu na taɓa juna. Ban taɓa jin tsoron makirfo irin na ranar ba.

Dokta Chuwang ya fara. Ta cire robar daga hanci ta riƙe tsakanin yatsu biyu, ta rufe ido, ta jefa layin farko. Muryar ta fito ƙasa-ƙasa, da ɗan tsatsa, amma tana faɗa wa kowace kalma a tsakiyarta. Wata tsohuwa a layin gaba ta dafe ƙirji. Layin na ƙarewa muka shigo.

"A hankali, direba, a hankali."

Na ga kawuna sun ɗago. Wasu suka kalli takardar shirin taro, suna neman inda aka rubuta wannan. Ita kuwa ta kai robar hanci a gaban kowa, ba ɓoyo, ta zuƙa a natse, har da ɗaga wa jama'a gira, aka yi 'yar dariya. Ta ajiye, ta ɗora na biyu. Muka amsa. Ta shiga baiti na biyu, inda kullum take karyewa, na ji Sharifa ta matse mini hannu. Ta wuce shi. A baiti na uku sai na ji amshin ya yi nauyi, na duba, ashe tsofaffin nan masu hulunan coci sun kama. Ba su san me suke cewa ba, amma sun san inda ake shiga. Kafin a kai baiti na huɗu zauren gaba ɗaya yana cewa "a hankali," har da Misbahu, wanda ya rantse mini daga baya cewa tari yake yi.

Aka zo layin ƙarshe. Mun shirya, mun san za ta yi kashi na farko mu karɓa. Ta zuƙi iska, ta sake zuƙa, sai ta saki robar ta faɗi a cinyarta, ta ɗaga mana tafin hannu alamar kada wanda ya motsa. Ta dafa kafaɗar Inna ta miƙe tsaye. Dokta Chuwang ya dube ni, na dube shi, ya dai bi ta.

Ta ɗauki layin tun daga kai. Ta wuce gaɓar farko ba ta tsaya ba, ta wuce ta biyu. Jijiyar wuyanta ta tashi, ni kuma na manta da nawa numfashin. Ta hau kalmar ƙarshe ta riƙe ta, ta riƙe, ta sirantar da ita har ta zama kamar zare, sannan ta ajiye ta da kanta, a inda ta ga dama, ta rufe baki.

Kafin kowa ya tafa Inna ta toshe hanci da yatsu ta rangaɗa guɗa. Wani bawan Allah a layi na biyu ya zabura har gilashinsa ya faɗi, mai kula da dandamali ya waiga yana neman inda gobara ta tashi. Sai zauren ya ɓarke. Mutane suka miƙe, masu sanda na buga sanda a ƙasa, wani tsoho mai busa ƙaho da aka karrama kafin ita yana ta ihu yana kiran sunanta. Na saurari tafin nan da kyau, da kunnen 'yar rediyo, babu ɗigon tausayi a cikinsa. Sophia ta hau da gudu ta mayar mata da robar, tana kuka tana faɗa tana dariya. Ni ma kukan na yi, ban ɓoye ba, don daɗi ya yi mini yawa.

Da Mis Olive ta samu numfashi ta jawo makirfo. Ba ta gode wa kwamiti ba, ba ta kuma kalli allon yabon ba. Sunayenmu ta kira, ɗaya bayan ɗaya, ta sa kowa ya miƙe a gan shi. Ta bar Inna a ƙarshe. "Wannan kuma Hajiya Tayyiba ce daga Funtuwa. Ku riƙe sunan." Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, tana ce mini ƙasa-ƙasa, "Ke, me take cewa? Ba dai tona mini asiri take yi ba?"

A mota Mis Olive ta ce wa Dokta Chuwang, "Ka ce a raba uku." Ya ce, "Mama, na janye. Gobe ma in kin ce haƙori ba a baki yake ba, na yarda."

Bayan wannan ba ta sake fita ba. Ganyen itatuwan gidanmu ya fara ja yana zuba, aka kawo gadon asibiti aka kafa a falo kusa da taga, nas na zuwa kullum. Baƙi suka yi ta zuwa, har da ɗalibai masu son jin labarin Layin U, tana ba su tana gyara musu kuskure. Ba ta ƙara cewa komai game da tsoro ba. Inna kuwa tana idar da azahar take ɗaukar sandarta ta tsallaka.

Wata Asabar da la'asar muna wurin mu uku, ni da Inna da Sophia. Tun safe Mis Olive ba ta ci komai ba, magana ma ta gagara. Rana ta shigo ta taga ta kwanta a kan bargonta. Can sai muka ji wani ɗan sauti, ba kalmomi, kari ne kawai a cikin maƙogwaro, yatsanta ɗaya na buga bargo. Inna ta ajiye carbi ta matso da kujera.

"A hankali, direba, a hankali."

Mis Olive ta ɗora wani layin, gajere. Inna ta amsa. Ta sake ɗorawa, wannan karon sai ka kasa kunne za ka ji. Inna ta amsa, ta jira. Ta sake amsawa, ta ja shi ta ba ta lokaci, ta kuma jira.

Sophia ta dube ni. Na tashi na kashe injin iska, falon ya yi tsit.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Inna ƙasa-ƙasa. Yatsan nan yana nan a ɗage kaɗan a kan bargo. Ta sa tafin hannunta ta kwantar da shi, ta bar nata a kai.